Dariyar da ta Ɓace a Takarda: Karin Harshe a Wasan Barkwancin Ƙasar Ƙonni

1. Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan maƙala wani kundi ne na ɗalibi da aka ba mu mu duba. Ɗalibin ɗan ƙasar Bazaga ne, a gundumar Birnin Ƙonni. Ya naɗi waɗansu gajerun wasanni na barkwanci, ɗaya a gidan biki, sauran a bakin tasha, ya zauna ya juye su a takarda, ya fassara su da Faransanci, sannan ya yi musu sharhi. Ba za a ce ya yi kasala ba. Amma mun karanta abin da ya kusa shafi 40 ba mu ko murmusa ba, alhali kuwa a kowane shafi yana gaya mana cewa a nan jama'a sun fashe da dariya. Da abin ya dame mu sai muka ce ya kawo muryar da ya naɗa mu saurara. Ba a yi minti biyu ba duk wanda yake cikin biro ya kama dariya, har da wani abokin aikinmu wanda da girmansa ya koyi Hausa.

Da muka aza rubutun kusa da muryar sai muka gane abin da ya faru. Duk inda ɗan wasa ya ce munka, ɗalibin ya rubuta muka. Inda ya ce shina, ya rubuta yana. Inda aka ce zamna, tahi, gidanai, ya mai da su zauna, tafi, gidansa. Ya bi wasan kalma bayan kalma ya daidaita shi, kamar yadda aka koya masa a ajinmu. Ke nan laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu muka miƙa masa wuƙar da ya yi yankan.

Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa a wannan yanki karin harshe shi ne babban kayan aikin ɗan barkwanci, kamar yadda kalangu yake ga makaɗin mahauta, kuma nazarin da ya share karin harshe ya share wasan gaba ɗaya. Za mu fara da bayanin wurin da masu wasan, domin wanda bai san su ba ba zai gane abin da ake yi wa dariya ba.

2. Gari na bakin iyaka da masu wasansa

Birnin Ƙonni yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. Gaba kaɗan, a Tsarnawa, hanyar Tawa take rabewa. Ta gabas akwai Malbaza mai masana'antar siminti da Galmi mai albasa. Ta kudu kuwa, ƴan kilomita kaɗan ne mutum ya shiga Illela ta Nijeriya, daga nan Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba. (A lura, Illela biyu ce: akwai wannan ta jihar Sakkwato, akwai kuma ta jihar Tawa, can arewa. Mun sha ganin an cuɗa su a kundayen ɗalibai.) Garin na ƴan kasuwa ne da ƴan canji da direbobi da ƴan kabu-kabu da ma'aikatan duwan da jandarmomi. Duk lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta, kamar a 1984 zuwa 1986, da 2019 zuwa 2020, da kuma 2023, a tukunyar kowane gida ake jin abin, kuma ba a daɗewa sai ya fito a bakin ƴan wasa.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne kunnen mutumin wannan gari. A wuni guda yana jin Hausar gidansu, yana jin ta Adarawa da ta Gobirawa da ta Sakkwatawa, waɗanda duk dangin juna ne amma kowa ya san inda suka saɓa. Yana jin Kananci a radiyo da fim da bakin fatake. Yana jin Hausar ma'aikata wadda aka surka da Faransanci, da ta ƴan ƙetare wadda aka surka da Ingilishi. Ga kuma Hausar Buzaye da Fulani da Zabarmawa da Yarbawa a kasuwa. Yaro ɗan shekara goma a Ƙonni zai gaya maka daga ina mutum ya fito tun bai gama gaisuwa ba.

Su kuma masu wasan, ba su da wani gida nasu da ake sayen tikiti a shiga. Shekararsu tana bin ta manomi. Da damina kowa yana gona, makaɗi ma ya rataye gangarsa, in ba wurin gayya ba. Da kaka ake ɗaura aure, ake kokowa ƙauye-ƙauye, nan ne makaɗa da maroƙa suke samu, nan ne kuma ake ganin ƴan cali-cali suna kwaikwayon tafiyar ƴan kokowa da kirarinsu da yadda aka kā da wane. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975 waɗannan masu ban dariya suka sami babban fage, amma a filayen ƙauye suka koyi sana'ar. Da rani samari sun tafi ci-rani, Sakkwato, Kano, Ikko, Abijan, sai gab da shuka su komo da sabuwar riga da sabon baki. Da azumi ya kai goma yara su fito tashe. Tsakanin waɗannan lokuta akwai ranar kasuwa da bakin tasha da majalisar mai shayi, inda mai maganin gargajiya da ɗan kama da maroƙi suke neman taro.

Ladan wannan aiki nan take ake biyansa. Ana yin kari ne a lokacin da aka ji daɗi, in taro ya watse a koma gefe a raba tsakanin makaɗi da maroƙi da yara. Wanda bai sa mutane dariya da wuri ba, za su wuce su bar shi. Ba shi da labule, ba shi da kayan sauyawa in ban da hula ko tsohon kwat ko sanda. To, da me zai nuna wa jama'a cikin ƙiftawar ido cewa yanzu shi Alhaji ne, yanzu mushe ne, yanzu kuma ɗan ci-rani? Da murya. Jumla ɗaya ta isa. Talaucin kayan wasa da wayewar kunnen ƴan kallo su suka haɗu suka mai da karin harshe tufafin ɗan wasa.

Ba mu manta da cewa fagen ya ƙuntata ba. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azin hana kiɗa a gidan biki ya ƙetaro iyaka, gidaje da yawa sun koma walima. Shari'ar da aka ƙaddamar a Zamfara a 1999 da Sakkwato a 2000 ita ma ta taɓa hanyoyin da makaɗa suke bi. Wannan magana ce mai zaman kanta, ba za mu shige ta a nan ba.

3. Abin da aka riga aka rubuta

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar ya shafi zamanin Samariya. Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, gwamnati ta raya ƙungiyoyin samariya, aka kuma buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, wanda ya riƙa zagaya manyan garuruwa. Ana tankaɗe da rairaya tun daga ƙananan hukumomi har a fitar da ƙungiyar da za ta wakilci jiha. Gidajen matasa suka zama wuraren gwaji, Muryar Sahel da Télé Sahel suka kai wasannin ko'ina. A wannan zamani ne sunan Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram ya shiga kowane gida. Ta fannin kiɗa kuma aka kafa gasar Prix Dan Gourmou, da sunan shahararren makaɗin nan na Tawa.

Littafin Janet Beik, Hausa Theatre in Niger (1987), shi ne ya fi fayyace yadda waɗannan ƙungiyoyi suke aiki: ba a rubuta wasa, ana dai shirya ƙashin labari a raba matsayi, kowane ɗan wasa ya zuba maganarsa, a yi ta gwaji har abin ya zauna. Ita ta kira shi fasahar baka ta zamani, kuma ta yi daidai. Ayyukan Chaïbou Dan-Inna sun nuna tushen abin a wasannin gargajiya. Muna cin moriyar waɗannan ayyuka har gobe. Sai dai waɗanda suka biyo bayansu, musamman ɗalibanmu, sun ɗauki rabin darasin sun bar rabi. Sun riƙe jigo: auren dole, malamin tsibbu, Alhaji mai almubazzaranci, gudun ƙauye, cin hanci. Kundi bayan kundi ana jera waɗannan jigogi kamar ana kiran sunaye a aji. Amma idan wasa na baka ne, ai a baki ya kamata a neme shi. Jigo shi ne abin da alƙalan gasa suke ba maki. Ƴan kallo kuwa sun san jigon tun kafin su zauna, abin da ya kawo su shi ne su ji yadda za a faɗe shi.

Wannan karkata ga jigo ita ce ta haifi zancen nan da ake yawan yi, wai wasan kwaikwayo ya mutu a Nijar bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, da aka daina ji da samariya, aka kuma karya darajar kuɗin CFA a watan Janairu na 1994. Abin da ya durƙushe shi ne wasan da gwamnati take ɗaukar nauyinsa. Na bakin tasha bai taɓa cin kasafin kuɗin kowa ba, don haka bai ji an yanke masa kome ba. Tun a 1967 C. G. B. Gidley ya rubuta maƙala a kan ƴankamanci a Nijeriya ta Arewa, ya nuna yadda ɗan kama yake ɗaukar waƙar da kowa ya sani ko karatun malamai ya juye su zuwa zancen tuwo da nama. A wannan gefen iyaka ba mu bi wannan sawu yadda ya kamata ba.

4. Misalai

Hausar Ƙonni tana cikin karin yamma. Wanda yake son cikakken bayanin ɗaya daga cikin waɗannan kare-kare sai ya duba Le haoussa de l'Ader na Bernard Caron (1991). A nan za mu tuna abin da ake bukata kawai. Ta fuskar tsarin sauti, inda Daidaitacciyar Hausa take da f, a nan h ko hw ake ji: tahi, lahiya, hura, hwara. Baƙin leɓe na ƙarshen gaɓa bai koma wasali ba: sabka, zamna, abduga, maimakon sauka, zauna, auduga. Ta fuskar nahawu, dirka na da ta ce maimakon ne da ce. Ana cewa wanga da wagga. Mallaka ta mutum na uku namiji -nai da -tai ce. Sai kuma lamiran lokaci, waɗanda su ne misalinmu na farko ya rataya a kansu.

Ga yadda wani ɓangare na wasan gidan bikin yake a murya. Ɗa ne ya komo daga ci-rani a Kano, ya zo gaida mahaifinsa:

(1)
Uba: Kai wanga yaro, yaushe kaz zo?
Ɗa: Ai Baba, jiya da daddare muka sauka.
Uba: Tun jiya kuka sabka? Ikon Allah! Har yanzu ba ku kai ƙasa ba?
Ɗa: A'a Baba, nufina mun iso.
Uba: To ka ce munka sabka mana! Ni na aza bisa giginya anka aje ku.

A Daidaitacciyar Hausa muka shuɗaɗɗen lokaci ne na biyu (accompli relatif), muke kuma lokaci mai ci na biyu (inaccompli relatif). A karin yamma shuɗaɗɗe na biyu munka ne, shi kuma muka shi ne mai ci, wato daidai da muke. Saboda haka siga ɗaya ce take da ma'ana biyu, gwargwadon bakin da ta fito. Ɗan ya faɗi muka da nufin Kano, an gama sauka. Uban ya karɓe ta da ma'anar gida, ana cikin sauka. Duk dariyar a kan wannan gaɓa guda take tsaye.

Ɗalibinmu ya rubuta maganar uban haka: “Tun jiya kuka sauka?”, ya fassara ta « Vous êtes arrivés depuis hier ? ». Tambaya ce ta yau da kullum, babu kome a cikinta. Daga nan sai maganar rashin kai wa ƙasa da ta giginya suka zama zancen mahaukaci, har ɗalibin ya yi sharhi cewa ana nuna tsufa ya fara taɓa hankalin uban. Fassarar da ta dace ita ce « Depuis hier vous êtes en train de descendre ? ». Kuma uban lafiyarsa lau. Ya fahimci ɗansa sarai, kamar yadda kowa a wurin ya fahimce shi. Yana dai yi masa horo ne a gaban jama'a saboda ya tafi wata huɗu ya komo da bakin aro. Abin lura shi ne wanda ake yi wa dariya: ɗan ne, mai Hausar birni. A wannan wasa karin gida shi ne alƙali.

Misali na biyu daga bakin tasha yake. Mutum ɗaya ne yake yin muryoyi uku, na ma'aikaci da mai gadin bironsa da Alhaji mai mota:

(2)
Ma'aikaci: Bon, Alhaji, il faut ka kawo takardun mota, sinon ba ta fita.
Mai gadi: Alhaji, ka jiya? Ilho takardu, sino babu!
Alhaji: Ranka shi daɗe, takardu na san su. Shi wanga Ilho, nawa na?

A bakin ma'aikaci il faut Faransanci ne, an furta shi yadda aka koya a lakkol, kuma har fita ya ce da f, don a san ba ɗan gari ba ne. A bakin mai gadi kalmar ta bi ta cikin tsarin sautin yamma, f ya koma h a gaban o, ta zama ilho. A bakin Alhaji ta tashi daga aikatau ta zama suna, sunan wani sabon kuɗi da za a biya, domin a saninsa duk kalmar da bai gane ba a biro farashi gare ta. Cikin layi uku an nuna tsani mai hawa uku na masu iko da harshe, an kuma faɗi abin da ake son faɗi a kan cin hanci ba tare da an ambace shi ba. A kundin, il faut aka rubuta sau uku, da kyakkyawan rubutun Faransanci.

Akwai kuma wasa da lissafin kuɗi, wanda ba ya ƙarewa a garin ƴan canji. A Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya tamma 5 ce, saboda haka ɗari a bakin ɗan kasuwa tamma 500 ce, jika kuma 1.000. A ƙetare jaka tun asali fam 100 ce, wato naira 200. A sa ɗan Nijar da ɗan Nijeriya su yi cinikin sadaki ko na rago da waɗannan kalmomi, wasa ya samu. Haka nan likita, wadda a nan take nufin gidan magani, a can kuma mutumin da yake duba marar lafiya. Ko duwan da kwastan, kamiyo da lori, biro da ofis. Mai juye irin wannan wasa in ya zaɓi kalma ɗaya ya daidaita bakin duka biyun, ya sasanta rigimar da aka taru a kalla.

Kwaikwayon bakin wani yana da ƙa'ida. Bagobiri ya kwaikwayi Bazabarme, Ba'are ya kwaikwayi Bafillace, wannan taubasantaka ce, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Wanda ake kwaikwaya yana wurin, yana da damar ramawa, sau da yawa ma shi ne yake fara yin kari. Idan babu wannan dangantaka, maganar nan guda tana iya zama cin fuska. Don haka wanda ya juye wasa bai gaya mana su wa suke zaune a wurin ba, ya ɓoye mana rabin ma'anarsa.

5. Baki ɗaya, daraja biyu

Wani abin mamaki shi ne, wannan karin da muke gogewa daga bakin ɗan barkwanci, ba mai taɓa shi a bakin mawaƙi. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo da na Ɗan Anace cike suke da munka da anka da shina, kuma ba mu taɓa ganin manazarcin da ya yi ƙarfin halin daidaita su ba. A Kano da Zariya ma haka ake rera su, haka ake rubuta su. Rubutattun waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19 da wannan karin aka yi su, har ya zama mawaƙin da bai taɓa taka Sakkwato ba yana aron sunka da anka don ya cika ma'auni ko ya ƙara wa baitinsa kwarjini.

Ke nan matsalar ba ta rashin haruffa ba ce, ba kuma ta rashin sanin yadda za a rubuta ba. Muna girmama lafazin waƙa domin mun yarda fasaha ce, kowace gaɓa da aikinta. Maganar ɗan barkwanci kuwa mun ɗauke ta hira ce kawai, abin da za a iya faɗi ta kowace hanya. Misali na (1) ya isa ya nuna cewa gaɓa guda a bakinsa tana ɗauke da nauyin da take ɗauke da shi a baitin Narambaɗa.

6. Da fim ɗin Kano ya shigo

Daga 1990, shekarar da aka yi Turmin Danya, finafinan bidiyo na Kano suka fara malala, kuma garuruwan iyaka irin su Ƙonni ne ƙofarsu ta shiga Nijar. Gidajen kallo masu injin wuta suka bazu har ƙauyuka. Bayan kaset aka koma faifai, bayan faifai aka koma tura wa juna a waya. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya zama ɗan gida a wurin yaran da ba su taɓa zuwa Kano ba. Ba mu cikin masu cewa wannan annoba ce. Ibro gwanin murya ne, kuma finafinan camama jikokin ƴan kama ne, ko masu yin su sun yarda ko ba su yarda ba.

Amma fim ya zo da nasa tsarin muryoyi. A cikinsa akwai baki guda wanda ba a jin sa a matsayin kari, shi ne na jarumi da jaruma. Sauran bakuna, na Bagwari, na Ibo, na Buzu, na baƙauye, su ne na ban dariya. Mai kallo a Kano bakinsa ne na jarumi. Mai kallo a Bazaga kuwa, in ya ji abin da ya yi kama da bakin kakarsa, galibi a bakin wanda ake yi wa dariya zai ji shi.

Mun kalli gajerun wasanni da dama da samarin yankin suke ɗauka da waya suna sakawa a WhatsApp da TikTok. A cikin masu yawa, saurayi in zai yi zancen soyayya ko zai fito a mai ilimi sai ya koma Kananci, in kuma aka zo kan baƙauye ko tsoho mai rowa sai a saki Hausar gida, har a ƙara mata gishiri. A kwatanta da misali na (1): kayan wasan ba su sake ba, uba da ɗa da baki biyu, amma dariyar ta juya, yanzu uban take bi. Akwai waɗanda suke yin akasin haka da gangan, suna riƙe bakin gida a kowane matsayi, kuma ga alama jama'a suna son su. Ko wane ɓangare ne zai rinjaya, wannan sauyi ne da ya kamata masanin walwalar harshe ya bi diddiginsa, kuma ba zai iya ba in rubutun da ke hannunsa ya mai da uba da ɗa baki ɗaya.

7. Abin da muke ba da shawara

Kada a fahimce mu a karkace. Daidaitaccen rubutu abin bukata ne, an kuma sha wahala kafin a same shi: taron Bamako na 1966, makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973, taron Yamai na 1980 na daidaita rubutun Nijar da Nijeriya, da dokar ma'aikatar ilimi ta 1999. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, bukatar littattafan makaranta da takardun hukuma masu rubutu iri ɗaya sai ƙaruwa. Amma wannan matsayi ne ma ya sa muke jin tsoro: gwargwadon yadda daidaitaccen kari ya sami iko, gwargwadon yadda ɗalibi zai ji kunyar rubuta bakin uwarsa. Rubuta littafin aji aiki ne daban, juye maganar baka aiki ne daban, kuma a sashenmu mun koyar da na farkon mun ɗauka ya wadatar wa na biyun.

Muna ganin kowane matani na wasan baka ya zo da layi uku. Na farko shi ne abin da aka furta, da haruffan da muka saba da su, a ƙara hw inda ake bukata, a nuna nannagen baƙi irin na kaz zo, a sa karin sauti da tsawon wasali a wuraren da ma'ana ta rataya a kansu kawai, don kada shafi ya cika da alamomi har ya gagari karantawa. Na biyu Daidaitacciyar Hausa, na uku Faransanci. Kalmar aro a rubuta ta yadda ta fito daga bakin mai ita: il faut ga ma'aikaci, ilho ga mai gadi. A gefen kowane layi a nuna wane baki ɗan wasa yake ara. A nuna inda aka yi dariya da inda wani daga cikin taro ya tsoma baki, domin a irin wannan wasa ƴan kallo ma ƴan wasa ne. Kuma kada a karɓi kundi sai tare da muryar. Wannan ya shafi tsofaffin kaset na zamanin samariya da suke ajiye a gidajen radiyo da hannun mutane. Duk wanda za a juye, a juye shi da wannan sharaɗi, don ba lalle ne zaren ya jure saurare na biyu ba.

Ɗalibin ya koma ya sake aikin a kan wannan tsari, kuma bai yi nisa ba ya komo mana da matsalar da ba mu tanadar mata amsa ba. Can wajen ƙarshen wasan gidan bikin, mai fitowa a uba, wanda shi kansa ya yi shekaru yana ci-rani, bakinsa ya suɓuce ya ce “da muka je gona” da ma'anar Kano. Taron ya fashe da dariyar da ta fi ta ko'ina ƙarfi, wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, “Kai ma can anka haihe ka?” Wannan dariya ba uban cikin wasa aka yi wa ba, ɗan wasan aka yi wa. A layi na farko muka za a rubuta, a na biyu ma muka, kuma Faransanci ba shi da inda zai nuna bambancin. Mun ce masa ya bayyana shi a ƙasan shafi kafin mu sami alamar da ta dace.